Jagorar murya a wuraren tarihi

Jagorar murya bayani ne da ake naɗa tun da wuri, mai ziyara ya saurare shi ta wayar hannu ko wata ƙaramar na'ura yayin da yake zagaya gidan tarihi ko tsohon gari, ba tare da ɗan jagora a gefensa ba. Shi ne ke zaɓar inda zai tsaya da tsawon lokacin da zai ɗauka.

Ana danganta farkon wannan tsari da gidan adana zane-zane na Stedelijk da ke Amsterdam a ƙasar Holan, a shekarar 1952. A lokacin ta rediyo ake watsa bayanin, don haka dukkan baƙi magana ɗaya suke ji a lokaci guda, suna tafiya tare kamar ayari. Daga baya kaset ya ba kowa damar tafiya shi kaɗai. A 2012 gidan tarihi na Louvre da ke Faris ya fara amfani da na'urar Nintendo 3DS a matsayin jagora.

A yau wayar hannu ta karɓi aikin. A fili, manhajar takan gane inda mutum yake ta hanyar GPS ta kunna bayanin wurin. Cikin gini kuwa siginar tauraron ɗan'adam takan yi rauni, sai a liƙa lamba ko alamar QR kusa da kowane abu. Ana iya sauke sautin tun daga gida, abin da ke da muhimmanci ga wuri kamar Sukur da ke kan duwatsu a jihar Adamawa, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, kafin kurmin Osun da ke Osogbo ya biyo baya a 2005.

Sai dai darajar jagorar tana ga muryar da aka naɗa. A tsibirin Alcatraz na Amurka, inda aka rufe kurkuku a 1963, tsofaffin fursunoni da gandurobobi ne ke ba da labari da bakinsu. Wannan darasi ya dace da Najeriya, inda yawancin tarihin garuruwa yake a bakin dattawa. Marini a Ƙofar Mata da ke Kano ya fi kowane marubuci sanin yadda ake jiƙa baba da toka a karofi, kuma a harshensa zai fi faɗin hakan da kyau.

Akwai abin lura. Tarihin baka yakan zo da ruwayoyi mabambanta, kuma naɗar ɗaya na iya danne sauran. Wurare masu tsarki suna da sirrin da ba a naɗa sai da izinin masu kula da su. 'Yan jagora ma, waɗanda da wannan aiki suke cin abinci, suna iya rasa baƙi idan ba a sanya su cikin shirin an ware musu kaso daga kuɗin shiga ba.