Daga Shingen Ƙerana zuwa Bakin Titi: Tarihin Zama a Vom

Vom, wadda Berom ke kira Vwang, tana kudu da Bukur a Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu, a kan tudun da ya haura mita 1,200. Kafin zuwan Turawa babu abin da za a kira titi a can. Gidan Berom na da ɗakuna ne zagayayyu da rumbuna, an kewaye su da shingen ƙerana, gonar acca kuma tana nan bayan gida. Hanyar da ke ratsa tsakanin shinge da shinge siririya ce, mai yawan kwana, kuma da gangan aka bar ta haka: ƙerana tana da ƙaya, ruwanta yana ƙona ido, don haka mahari ba ya kutsawa kai tsaye. Gida a lokacin yana juya wa mai wucewa baya ne.

Titi ya zo ne tare da ma'aikata. A 1922 mishan ɗin SUM ya buɗe asibitinsa a Vom, sannan a 1924 gwamnatin mulkin mallaka ta dawo da ɗakin binciken cututtukan dabbobi daga Zariya domin yaƙi da bushiya, annobar da ta sha ƙarar da garken Fulani. Wannan ɗaki shi ne ya zama cibiyar NVRI ta yau. A kewayensa aka yanka kwatas layi-layi, kowane gida da lambarsa, aka jera itatuwan turare a gefen hanya. Tsarin irin na Jos ne, inda dokar birane ta 1917 ta raba unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa: manya a gidaje masu fili da lambu, ƙananan ma'aikata a ɗakuna manne da juna. Mai zama a kwatas ya samu famfo da hanyar mota da kusanci da wurin aiki, amma gidan ba nasa ba ne. Ranar ritaya sai ya miƙa mabuɗi.

Waɗanda ba su da rabo a kwatas, wato leburori da teloli da mahauta da masu sayar da abinci, sai suka tare a bakin hanyar da ta taso daga Bukur ta nufi Manchok. A nan Kaduna Vom, ko K-Vom, ta bunƙasa. Gininta ya saɓa wa na da gaba ɗaya, domin ƙofa titi take kallo: shago a gaba, ɗakunan haya a ciki. Kwalejojin lafiyar dabbobi da na aikin jinya sun kawo ɗalibai masu neman ɗaki, kafa cibiyar NIPSS a Kuru a 1979 kuma ya ƙara zirga-zirga. Wanda ƙofarsa ke bakin kwalta ba ya rasa ciniki, ko tebur ɗin dankalin Turawa matarsa ta kafa, kuma in ciwo ya tashi cikin dare abin hawa na kusa.

Kuɗin wannan sauƙi ba kaɗan ba ne. Fili ya tsuke har ba wurin rumbu balle gona, magidanta da yawa suna raba rijiya ɗaya da bayi ɗaya, ƙurar hunturu na shiga har ɗaki, uwa kuma kullum hankalinta na kan yaro saboda manyan motoci da babura. Sirrin gida, wanda shinge ke rufewa a da, ya koma hannun maƙwabta.

Rikice-rikicen Jos na 2001 da 2008 da 2010 sun ƙara wani lissafi. A Jos da Bukur iyalai da dama sun sayar da gidajensu ko sun yi musaya, kowa ya koma unguwar da masu addininsa suka fi yawa. Tun daga lokacin, mai neman haya a wannan yanki yakan fara tambayar su wa ke zaune a layin kafin ya tambayi ruwa da wuta da kuɗin shekara.