Shekara Goma Tsakanin Gano Cuta da Ba da Magani

Akwai wata dokar Amurka da na daɗe ina juya ta a raina, amma bari in faro daga tushe.

A 1928 wani likita ɗan Girka mai aiki a Jami'ar Cornell, George Papanicolaou, ya bayyana cewa in an shafo ɗan ruwa daga gaban mace aka duba a madubin likita, ana iya gane sankarar bakin mahaifa tun ba ta yi ƙarfi ba. Likitoci suka yi kunnen uwar shegu da shi, sai a 1943 da ya fitar da littafi tare da Herbert Traut. Daga nan awon ya bazu, mace-mace suka ragu ƙwarai.

To, amma ba kowa ya samu ba. Mata 'yan asalin Latin Amurka, watau masu tsinkar 'ya'yan itace a Kalifoniya da masu aikatau a bakin iyakar Meziko, da yawansu ba su da inshorar lafiya, likita kuma ba ya jin Sifaniyanci. Ga kuma tsoro. A 1975 mata 10 'yan asalin Meziko suka kai ƙara a Los Angeles, cewa an ɗaure musu mahaifa a asibiti ba da yardarsu ba. A 1978 alƙali ya ba likitoci gaskiya. Wanda maciji ya sara, ai in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa aka dogara da matan unguwa, waɗanda ake kira promotoras, masu bi gida gida suna lallashin 'yan'uwansu da harshensu.

Yanzu ga dokar. A 1990 Majalisar Amurka ta ware kuɗi don a yi wa mata marasa hali awon nono da na mahaifa, hukumar CDC ta fara aikin a 1991. Sai dai kuɗin na awo ne kawai, ban da magani! A ce wa mace kina da sankara, sa'an nan a bar ta da neman mai taimako. Ni a ganina wannan rabin alheri ne, mai ɗaci kuwa.

Sai a 2000 aka yi dokar da ta ba jihohi dama su biya magani daga asusun Medicaid. Ko ita ma ba ta haɗa da mace marar takardar zama ba. Irin wannan mace kuɗin tarayya ba ya biya mata sai in ciwo ya kai na gaggawa.