Muhimmancin Shawarar Lauya ga Masu Ƙananan Sana'o'i

Muna jan hankalin masu ƙananan sana'o'i da jami'an ƙananan hukumomi cewa buƙatar lauya ba ta ƙarewa da yin rajista. Dokar kamfanoni ta shekarar 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa kamfani, amma ta wajabta miƙa bayanan shekara-shekara ga hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC. Wanda ya yi sakaci zai biya tara, har ma ana iya soke sunan kamfaninsa.

Haka nan, yarjejeniyar hayar shago, bashi ko haɗin jari da aka ƙulla da baki tana da wuyar tabbatarwa a gaban alƙali. Don haka muna shawartar kowa ya rubuta yarjejeniyarsa, ya kuma tuntuɓi lauya kafin sa hannu, domin rigakafi ya fi magani.