Waya a kan gora: tarihin eriya daga Marconi zuwa Madarunfa

Kafin zuwan FM, da wuya ka ratsa unguwa a Maraɗi ko Madarunfa ba ka ga gora a kafe jikin katanga ba, da siririyar waya ta sauko daga kanta ta bi ta taga, an naɗe ƙarshenta a sandar rediyo. Ba a lakwal iyayenmu suka koyi wannan ba. Sun dai lura idan aka ƙara waya, murya takan fito sarai. Wannan waya ita ce eriya, wadda wasunmu nan Nijar ke kira anten, kuma tarihinta ya girmi gidajen rediyo kansu.

Ranar 12 ga Disamba 1901, Guglielmo Marconi, mutumin Italiya, yana garin St. John's da ke ƙasar Kanada ta yanzu, ya ce ya ji ɗigo uku na harafin S da aka aiko daga Poldhu a Ingila, tazarar kusan kilomita 3,500. Eriyarsa waya ce mai tsawon kamar mita 150, wadda ya ɗaga sama da abin nan na wasan yara mai tashi da iska a bakin zare. Har yau masana na gardama kan ko da gaske ya ji, ko ƙarar iska ce ta yaudari kunnensa. Ko ma dai yaya ne, daga nan kamfanoni da gwamnatoci suka ɗauka sai da dogon zango da manyan hasumiyoyi ake kai saƙo nesa.

Saboda wannan zato, a 1912 Amurka ta yi doka ta tura masu rediyon sha'awa, wato waɗanda ke haɗa na'ura a gida don jin daɗi, zuwa zangon mita 200 ko ƙasa da haka. A ganin hukuma an ba su ƙashi ne bayan an cinye naman. Ashe ɓargon na ciki. A Nuwamba 1923 Léon Deloy daga Nice ta Faransa da Fred Schnell daga jihar Connecticut ta Amurka suka yi musayar saƙo a kan zangon kusan mita 110, da na'urorin gida. Shekara ɗaya bayan haka Edward Appleton ya tabbatar akwai wani rufi a can ƙololuwar sararin sama da ke mayar da igiyar rediyo ƙasa. Gajeren zango yakan hau, ya bugi rufin nan, ya faɗo a wata nahiya. Shi ya sa mai rediyon batir huɗu a bakin tafkin Madarunfa yake jin London, shi ya sa kuma da rana ake kamawa a mita 16 ko 19, da dare a koma 41 ko 49, domin rana na sauya yanayin rufin.

Abin da mutanen nan suka bar mana, wanda a ganina ya kamata kowane ɗalibi ya iya, lissafi ne ɗan ƙarami. Igiyar rediyo na gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa. Idan ka raba 300 da lambar tasha a megahaz, ka sami tsawon zangonta a mita: tasha mai megahaz 15 zangonta mita 20 ne. Eriya mafi sauƙi waya ce mai rabin wannan tsawo, a yanke ta biyu daidai, a jona igiyar da ke zuwa rediyo a tsakiya. Da yake lantarki na ɗan rage gudu a cikin waya, masu sana'ar kan raba 143 maimakon 150. Don megahaz 15 ke nan mita tara da rabi. Don FM mai megahaz 100 kuwa mita 1.43, kowane hannu santimita 71, abin da guntun wayar tagulla da sanda za su isar. Daidaitawa kuma dokar tela ce: a yanka da tsawo, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan daga hannu biyu, don abin da almakashi ya ci ba ya dawowa. Irin wannan eriya ta gefenta take ji, don haka wanda ke neman tashar da ke arewa sai ya shimfiɗa ta gabas da yamma.

A ƙasar Hausa abin ya zo a jere. Sashen Hausa na BBC ya fara ranar 13 ga Maris 1957 da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi. Radiyo Nijar ta buɗe a 1958, ita ce ta koma Muryar Sahel a 1974. Rediyon Kaduna ya fara a 1962, Muryar Jamus ta shigo da Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979. A daidai wannan zamani ƙaramar rediyo mai batir ta yi araha, ta bi fatake da masu cin rani ta Jibiya da Ɗan Isa ta shiga ƙauyukan da ba su taɓa ganin wutar lantarki ba.

Abin da ya fi jan hankalina, a matsayina na malamin makaranta, shi ne ƙungiyar kulob-kulob na rediyo da aka kafa a Nijar a 1962. Jama'a kan taru su saurari shiri kan noma ko lafiya, su yi muhawara, mai jagorantar zaman ya ɗauki muryoyinsu a faifai ya aika Yamai, a sa a iska. Da yawa daga cikin jagororin nan malaman makaranta ne. Yamai kuwa ta fi kilomita 600 daga nan, saboda haka duk wannan tsari ya rataya ne a kan akwati ɗaya da wayar da aka ɗaura masa. Idan waya ta tsinke, zaman ranar ya watse.

Sai kuma eriyar talabijin mai kama da ƙashin kifi, wadda Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi suka ƙirƙiro a jami'ar Tohoku ta Japan a 1926. Duniya ta riƙe sunan Yagi ta manta da Uda, alhali shi ya yi yawancin aikin. Ita ce yara ke juyawa a kan gora ana yi musu ihu daga ɗaki, "ƙara kaɗan, tsaya nan!", ana neman hoton Katsina.

Bayan taron ƙasa na 1991 aka buɗe fage ga gidajen rediyo masu zaman kansu, FM ta cika gari, aka sauke gorori aka yi rumfa da su. Murya ta yi kyau, babu shakka. Amma FM ba ta wuce inda hasumiya ke hange, kuma makunninta na hannun wanda ke kusa. An ga haka a Agusta 2023 da aka dakatar da RFI a Nijar, da Disamba 2024 da aka dakatar da BBC na wata uku. Ba hukuncin nake tattaunawa a nan ba. Abin da nake nunawa shi ne, wanda ya ajiye tsohuwar rediyonsa mai gajeren zango bai rasa hanyar ji ba, yayin da saurayi mai wayar hannu ya dogara da kuɗin intanet da ƙarfin layi. Ita ma hanyar tana ƙuntata daga can, don Muryar Jamus ta rufe tashar da take tura shirye-shirye daga Kigali a 2015.

Mai son gwadawa ya sani, aika saƙo na bukatar lasisi, kuma alamar kiran Nijar a duniyar masu rediyon sha'awa da 5U take farawa, ta Najeriya da 5N. Saurare kuwa waya mai mita 10 zuwa 15 ta isa, a ɗaga ta sama gwargwadon iko, a nisanta ta da layin wuta. A nisanta ta kuma da cajar waya da ƙwayayen fitilar zamani da na'urar juya wutar sola, domin su ne ke jawo yawancin shuuu ɗin da ake ɗora wa tasha laifinsa. Da damina, da zarar hadari ya haɗo daga gabas, a cire wayar daga jikin rediyo a fitar da bakinta waje tun kafin a fara walƙiya.