Tsakanin Babbar Ruga da Danja

Mu da muka tashi a Mazanya da Magama, a bakin iyakar Jibiya, mun san hanyar Katsina zuwa Maraɗi da manyan motoci, da shingen kwastan, da 'yan canjin sefa. In an rufe iyaka, kamar yadda aka yi a 2019 da kuma 2023, a tukunyarmu ake fara jin labari. Amma hanyar tana da wani tarihi da ba mu cika ba 'ya'yanmu ba. A ƙarshenta na kudu akwai Babbar Ruga, kusa da birnin Katsina. A ƙarshenta na arewa, kafin a shiga Maraɗi, akwai Danja. Duka biyun don masu cutar kuturta aka gina su.

Sai mun tuna matsayin mai wannan cuta a da kafin mu gane nauyin abin. Hausawa ba su kore shi daga gari ba. Yana da unguwarsa, yana da Sarkin Kutare, ana ba shi sadaka ranar Juma'a. Sai dai ba a cin tuwo da shi a kwano ɗaya, ba a miƙa masa hannu, aure kuwa yakan mutu da zarar tabo ya bayyana. Karin maganarmu ma ta tona mu, da muka ce kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan langa. Wato sai da kuɗi yake samun abin da kowa ke samu da mutuncinsa.

A 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar kai bishara ƙasar Sudan. Gowans da Kent sun rasu a 1894, Bingham ne ya rayu ya gina ƙungiyar da aka sani da SIM. Shekaru da yawa Turawan mulki suna hana 'yan mishan aiki a cikin masarautun Musulmi, don kiyaye alkawarin da suka yi wa sarakuna. Ƙofar da ta buɗe musu ita ce wadda kowa ke gudu. A 1937, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka danƙa wa SIM kula da sansanonin kutare na larduna: Babbar Ruga a Katsina, 'Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato. A ƙasar Faransa kuwa, bayan sun zauna a Tsibiri, sun buɗe asibitin Galmi a 1950, sannan Danja a 1956.

Me ya sa suka karɓi aikin? Amsar tana cikin abin da suka gaskata. Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga cikakkensa da Hausa a 1932, yana koyar a Zabura ta 34 cewa Allah ba ya nesa da wanda zuciyarsa ta karye. Bisharar Markus kuma ta ba da labarin kuturun da ya durƙusa gaban Yesu, shi kuwa ya miƙa hannu ya taɓa shi, a zamanin da shari'ar Yahudawa ta ɗauki mai taɓa kuturu a matsayin wanda ya ƙazantu. Ga Kirista, wannan taɓawar ita ce wa'azin. Wanda ya ce Allah yana kusa da ƙasƙantattu, alhali shi kansa yana tsaye nesa da su, bai faɗi kome ba.

Maganin farko mai wuya ne. Allura ce ta man 'ya'yan wata itaciya daga Indiya, mai zafi, ana yin ta wata da watanni, amfaninta kuma kaɗan. Sai a ƙarshen shekarun 1940 ƙwayar dafson ta zo, wadda likita John Lowe ya gwada a Uzuakoli a gabashin Nijeriya. Daga nan aka fara sallamar mutane suna komawa gida da takardar warkewa. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, tun 1995 kuma kyauta ake bayar da su.

Bai kamata mu shafe tarihin da zuma ba. 'Yan mishan suna son samun mabiya, sarakuna kuwa sun san haka, shi ya sa aka yi ta ja-in-ja kan wa'azi a sansanonin, musamman kan yara. Marar lafiya da ke hannunka ba shi da ƙarfin cewa a'a kamar mai lafiya. Da yawa sun warke sun koma gida da sallarsu. Wasu sun karɓi Kiristanci, suka koyi karatun boko, suka zama masu ba da magani da malamai a ƙauyuka. Waɗanda gari ya ajiye a gefe su ne suka dawo suna ɗaure wa gari gyambo.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ba mu mamaki. Bayan gwamnati ta karɓi Babbar Ruga, wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo a 1983 don aikin kuturta. Sai ya tarar da matan da doguwar naƙuda ta bar su da yoyon fitsari, waɗanda miji ya saka, kishiya ta toshe hanci. A 1984 ya fara yi musu tiyata. Yau Babbar Ruga cibiyar tarayya ce ta wannan aiki. A Danja ma, a 2012, an buɗe asibitin yoyon fitsari a gefen na kuturta. Cuta ta sauya, amma masu zuwa iri ɗaya ne: waɗanda ake ba abinci a kwano dabam.

Musulminmu da Kiristanmu duk mun yarda cewa Allah yana jin kukan mai rauni, kowa da hujjarsa a littafinsa. Tambayar da wannan hanya ta bar mana ta shafi hannu ne. Har yanzu akwai mai ɓoye farin tabon da ba ya jin tsinke, don tsoron bakinmu, har yatsu su lalace alhali magani kyauta ne. Akwai yarinyar da ke kwana a zaure don warin zaninta. Daga Magama zuwa Babbar Ruga tafiyar sa'a guda ce a mota, in an sami wanda zai zauna kusa da ita.