Tabarau na VR da darasin kiɗa a makarantun sakandaren Tamale

Fasahar VR, wadda a Faransanci ake kira réalité virtuelle, ita ce amfani da wani tabarau mai rufe idanu domin mai kallo ya ji kamar yana tsakiyar wurin da aka ɗauka. Kyamara ce ke ɗaukar kowace kusurwa a lokaci guda, shi kuma sautin yana sauyawa duk inda mutum ya juya kai. A darasin kiɗa, wannan na ba ɗalibi damar tantance muryar kowace ganga a cikin taron makaɗa, abin da ke da wuya a rediyo.

Matsayin kiɗa a manhaja

A Ghana, kiɗa na cikin darussan zaɓi a babbar sakandare, wato matakin lise a Nijar, kuma ana rubuta shi a jarrabawar WASSCE. Tun da gwamnati ta mayar da karatun wannan mataki kyauta a 2017, ɗalibai sun ƙaru a makarantu irin su Tamasco da aka kafa a 1951 da Ghanasco da ta biyo baya a 1960. A 2024 kuma aka ƙaddamar da shirin raba wa ɗaliban kwamfutocin hannu.

Abin da za a koya

Tamale na cikin ƙasar Dagbon, inda makaɗan gado da ake kira lunsi ke riƙe da tarihin sarakuna. Gangarsu lunga 'yar'uwar kalangu ce: ana matse tsirkiyarta a hammata, muryarta ta hau ko ta sauka, har ta kwaikwayi harshen Dagbani. Gungon kuwa babbar ganga ce mai kauri. Akwai kuma gonje, wato goge, wanda Jacqueline DjeDje ta kwatanta da na Hausawa da na Fulani a littafinta na 2008. Ana jin waɗannan kaɗe-kaɗe a bikin Damba na watan Maulidi, da kuma Sambanlunga, daren da ake rera tarihin masarauta a ƙofar fada lokacin Sallah.

An riga an adana wani ɓangare na wannan ilimi a intanet. David Locke na Jami'ar Tufts a Amurka ya yi aiki da marigayi Alhaji Abubakari Lunna, suka naɗi kiɗan kowace ganga daban tare da fassarar abin da take faɗi. John Chernoff ma ya tattara bayanan Alhaji Ibrahim Abdulai, wani babban makaɗin Tamale. Waɗannan sauti ne da rubutu, amma sun nuna tsarin da darasin VR zai iya bi.

Cikas

Tabarau mai inganci na da tsada, bidiyonsa na cin data, kuma yana buƙatar lantarki. Wasu masu amfani da shi na jin jiri. Kamfanoni ma na iya janye hajarsu: Google ya fito da manhajar Expeditions domin makarantu a 2015, ya rufe ta a 2021. Makarantar da ta dogara da irin wannan manhaja kaɗai na iya wayar gari da kayan da ba su da amfani.

Akwai kuma batun haƙƙi. Lunsi na cin abinci ne da kiɗansu, kuma a al'adarsu akwai sassan tarihin da ba a rerawa sai an cika wasu sharuɗɗa. Ɗaukar su a kyamara na buƙatar izini da biyan lada.

Wa zai fi amfana?

Tabarau na nuna yadda ake kiɗa, amma ba ya fassara kirari. Ɗalibin Tamale, ko ɗan Zangon Hausawa ne da bai ƙware a Dagbani ba, zai fi ƙaruwa idan an gayyato makaɗi aji ya bayyana ma'anar kowane take. Fasahar ta fi dacewa da na nesa: ɗalibi a Maraɗi ko Kumasi zai iya halartar Damba daga ajinsa, ya kwatanta lunga da kalangun garinsu. Shi ma na Tamale zai iya leƙa hawan Sallah a Kano ko Katsina ya ji kakaki da algaita.