Indiya: yadda ake ɗauke shara'ar kashe aure daga wata jaha zuwa wata

Indiya ƙasa ce mai tsarin tarayya, tana da jahohi 28, kowace da gwamnatinta. Shara'o'in aure kuwa suna hannun kotunan iyali da wata dokar 1984 ta tanadi kafa su. Matsala takan taso ne idan aure ya lalace, matar ta koma gidan iyayenta a wata jaha, mijin kuma ya riga ta kai ƙara.

Dokar auren mabiya addinin Hindu ta 1955 ta ba da damar shigar da ƙara a garin da aka ɗaura auren, ko inda wanda ake ƙara yake zaune, ko inda ma'auratan suka yi zamansu na ƙarshe. Gyaran da aka yi a 2003 ya ƙara wa mace ƴancin kai ƙara a garin da take. Sai dai in mijin ne mai ƙara, yakan zaɓi inda suka zauna tare, wanda sau da yawa garinsu ne. Nan ne mace mai goyo, wadda ba ta da abin hannu, za ta wayi gari da sammacin kotun da ke ɗaruruwan kilomita daga ƙofar gidansu.

Idan kotunan biyu suna ƙarƙashin babbar kotu ɗaya, ita ke da ikon sauya wa shara'ar wuri. Idan kuwa abin ya tsallaka zuwa hurumin wata babbar kotun, sai kotun ƙoli da ke Delhi, bisa aya ta 25 ta kundin shara'o'in farar hula na 1908. Mai buƙata na shigar da takarda haɗe da rantsuwa, ana sanar da ɗayan ɓangaren, kuma galibi kotun ƙolin kan dakatar da shara'ar ta asali kafin ta yanke. Kotun da aka miƙa wa takardun tana iya ɗorawa daga inda aka tsaya, ko ta sake sauraro daga farko. Wanda aka samu ya shigar da buƙatar don ɓata lokaci kawai, ana iya sa shi biyan diyya, amma ba ta wuce rupi 2,000 ba, kuɗin da ba zai tsorata kowa ba a yau.

Ayar ba ta ambaci mace ko namiji ba, abin da ta ce a duba shi ne adalci. Amma a aikace alƙalai sun daɗe suna fifita sauƙin matar: nisan hanya, ƙaramin yaro, rashin lafiya, rashin aikin yi ko ɗan rakiya. Ba kullum take samun nasara ba. A wani hukunci kotun ta ce wasu na amfani da wannan sassauci ta hanyar da ba ta dace ba, ta ƙi sauya wurin, ta ɗora wa mijin kuɗin tafiya da na masaukin matar da mai rakiyarta.

Abin da ke ɗaure kai shi ne, macen da ta kasa zuwa garin miji ita ce kuma za ta nemi lauya a Delhi. Doka ta ba mata damar samun lauya kyauta, amma jiran yana nan. Wata mata da ke Haidarabad da ɗiyarta ƙarama ta nemi a ɗauko shara'arta daga Jabalpur a 2014, ba ta samu hukunci ba sai watan Maris na 2017. A cikin wannan hukunci ne alƙalai biyu suka ba da shawarar a riƙa sauraron irin waɗannan shara'o'i ta hoton bidiyo. A watan Oktoba na shekarar, wani zama na alƙalai uku ya taƙaita hakan da rinjayen biyu: doka ta wajabta wa kotun iyali ta fara da neman sulhu, cikin sirri in an buƙata, kuma a ganinsu sulhu na son miji da mata su zauna ido da ido. Bidiyo sai bayan sulhun ya ci tura.

Sau da yawa ma takardar ba ta komawa ko'ina. Kotun ƙoli kan tura ɓangarorin wajen masu sasantawa, su daidaita kan kuɗin ciyarwa da riƙon yara. Ranar 1 ga Mayu 2023, alƙalai biyar sun tabbatar cewa aya ta 142 ta kundin tsarin mulki ta ba kotun ikon raba auren da ya mutu murus nan take, ba tare da jiran watanni shida da dokar ta gindaya wa masu rabuwa da yardar juna ba.